Kamshaf a Injin Dizal: Nazari kan Zaɓen Wanda Ya Dace da Aikin Mota

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada da ta kafu tsakanin masu motocin a-kori-kura masu shan man dizal, wato a sauke injin mota a wargaza shi, sannan a sake harhaɗa shi da waɗansu sassa waɗanda ba kamfani ne ya saka su tun farko ba, domin motar ta ja tirela mai nauyi ba tare da wahala ba, ko ta yi tsere, ko ta shiga gasar jan nauyi da ake yi a bukukuwan manoma. Daga cikin sassan da ake canzawa, kamshaf ne aka fi yi wa gurguwar fahimta, domin mutane da yawa sun ɗauko tunaninsu game da shi daga injin fetur, inda canza shi kaɗai kan sauya halin mota baki ɗaya. Matsayinmu a wannan nazari shi ne, a injin dizal mai tobo kamshaf ba shi ne tushen ƙarfi ba. Aikinsa tsara lokacin shigar iska da fitar hayaƙi, don haka zaɓensa yana zuwa ne bayan an gama yanke shawara kan aikin da motar za ta yi, da saurin juyin da injin zai zauna a kai, da irin tobon da za a ɗora masa. Za mu kafa hujja da inji guda, wato Cummins mai lita 5.9, saboda shi ne aka fi yi wa irin wannan aiki.

Kamfanin Cummins, wanda aka kafa a 1919 a garin Columbus na jihar Indiyana, ya fitar da wannan inji a 1984, kuma ya shiga motar Dodge Ram a 1989 da ƙarfin doki 160. Silinda shida gare shi a jere, faɗin kowace milimita 102, tafiyar fistan kuma milimita 120. Har zuwa tsakiyar 1998 kowace silinda bawul biyu gare ta, shi ya sa ake kiransa mai bawul goma sha biyu. Daga nan aka koma bawul huɗu-huɗu, ya zama mai ashirin da huɗu. A 2003 aka sauya masa tsarin mai zuwa bututu guda mai tara dizal da matsi mai tsanani, wanda kwamfuta ke sarrafa feshinsa, a 2007 kuma aka ƙara girmansa zuwa lita 6.7. Kanikawanmu ba baƙinsa ba ne, domin danginsa suna cikin janareto da manyan motoci da injinan aikin gona da yawa.

Kafin mu ci gaba ya kamata mu daidaita kalmomi. Inji mai bugu huɗu yana kammala aikinsa ne cikin zagaye biyu na karanshaf, wato sandar da fistan ke juyawa, jimilla digiri 720: fistan ya sauka ya shaƙi iska, ya hau ya matse ta, a fesa mai ya kama da wuta ya turo fistan ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Bawul shi ne murfin ƙofar da iska ke shiga ko hayaƙi ke fita. Kamshaf kuwa sanda ce ta ƙarfe wadda ke juyawa da rabin saurin karanshaf, a jikinta an sassaƙa kumburi masu siffar ƙwai, waɗanda za mu kira tozaye. Idan tozo ya zagayo, sai ya ɗaga wani ɗan ƙarfe da ake kira tafet, tafet ya tura sandar turi, ita kuma ta tura roka, wato hannun da ke danna bawul ya buɗe. Idan tozon ya wuce, sifirin ya mayar da bawul mazauninsa. Tobo kuma na'ura ce mai fanka biyu a kan sanda ɗaya, hayaƙin da ke fita ya juya ta ɗaya, ta biyun ta cusa iska cikin inji da matsi.

Siffofin da ake auna kamshaf da su huɗu ne, kuma duk wata gardama a kansa tana komawa gare su. Ta farko ita ce ɗagawa, wato iyakar nisan da bawul ke yi daga mazauninsa. Ta biyu jimawa, wato yawan digirin karanshaf da bawul ke ɗauka a buɗe. Da yake farkon buɗewa da ƙarshen rufewa suna tafiya a hankali ƙwarai, masu sassaƙa kamshaf a Amurka sun saba fara ƙirgen jimawa daga lokacin da tafet ya ɗaga da inci 0.050, kimanin milimita 1.27, su tsaya idan ya dawo wannan matsayi. Wannan ne ma'anar lambobin da ake gani a jikin kayan sayarwa, kamar 178/208 da 188/220 na kamfanin Hamilton Cams: lambar farko jimawar bawul ɗin iska ce, ta biyu ta bawul ɗin hayaƙi. Bai halatta a kwatanta lambobin kamfani biyu ba sai an tabbatar a ma'auni ɗaya aka ɗauke su. Siffa ta uku ita ce tazarar tozaye, wato kusurwar da ke tsakanin ƙololuwar tozon iska da ta tozon hayaƙi. Ta huɗu kuwa 'yar biyun da suka gabace ta ce, ita ce cuɗanya: ɗan lokacin da fistan ke can sama a ƙarshen korar hayaƙi, bawul ɗin hayaƙi bai gama rufewa ba, na iska kuma ya fara buɗewa. Ƙarin jimawa ko rage tazara yana ƙara cuɗanya.

Yanzu sai dalilin da ya sa dizal ya bambanta. Injin fetur marar tobo yana dogara ne da matsin iskar sararin samaniya kaɗai wajen cika silinda, kuma yana iya juyi dubu shida ko bakwai a minti, don haka duk wata dabara ta tsawaita buɗewar bawul riba ce babba gare shi. Injin da muke magana a kai tun asali an tsara shi ya ba da cikakken ƙarfinsa a juyi 2,500 a minti, kuma iskarsa cusa masa ita ake yi. Idan tobo ya ƙara matsin da ya kai na sararin samaniya, kimanin fam 14.7 a kan kowane murabba'in inci, aka kuma sanyaya iskar, to abin da ke shiga silinda ya kusa ninkawa. Babu sassaƙar tozo da za ta yi kusa da wannan. Haka kuma ƙarfin dizal yana bin yawan man da aka fesa ne da lokacin fesa shi, muddin akwai isasshiyar iskar ƙona shi. Wannan ne ya sa ake samun injinan Cummins da suka ninka ƙarfinsu na asali ta hanyar famfon mai da nozul da tobo, alhali kamshaf ɗin kamfani yana nan a cikinsu ba a taɓa shi ba. Abin da sabon kamshaf ke kawowa ya fi wannan laushi: tobo ya farka da wuri, hayaƙi ya rage baƙi, zafinsa ya sauka, inji ya ci gaba da numfashi a juyin da a da yake shaƙewa. Waɗannan amfanoni ne na gaske, kuma muna ganin sun cancanci kuɗinsu, in dai mai mota ya san su yake saye.

Rufewar bawul ɗin iska ita ce aukuwar da ta fi kowace tasiri, kuma a nan ne za mu ɗan daɗe. Bawul ɗin ba ya rufewa daidai lokacin da fistan ya kai ƙasa; ana barinsa a buɗe har fistan ya fara hawa, domin iskar da ta taho da gudu tana ci gaba da kutsawa ko da fistan ya juya. Amfanin wannan jinkiri ya danganta da saurin inji. A juyi 2,500 zagaye ɗaya yana cin kashi 24 cikin dubu na daƙiƙa, don haka jimawar digiri 188 kimanin kashi 12 da rabi ce kawai; a juyi 4,000 wannan jimawa ɗin dai ta koma ƙasa da kashi 8. Inji mai gudu yana ƙarancin lokaci, shi ya sa yake buƙatar ƙarin digiri. Amma a juyi 1,400, inda mai jan tirela ke hawan tudu, iskar ba ta da wannan gudun, kuma fistan da ke hawa zai mayar da wani kaso nata waje ta ƙofar da ta shigo. Sakamakon haka matsin da ake samu a silinda yana raguwa, kuma dizal ba shi da fulogi, zafin matsi kaɗai ke kunna mansa. Kamshaf mai doguwar jimawa fiye da kima yakan jawo wahalar tashi da sanyin safiya, da farin hayaƙin man da bai ƙone ba, da nauyin jiki a ƙaramin juyi. Injiniyoyi sun san wannan dabi'a, har ma suna amfani da ita da gangan a tsarin da Ralph Miller ya yi wa rajista a 1957, inda ake sauya lokacin rufe bawul don rage zafin ƙuna, sai dai su suna biyan abin da aka rasa da tobo mai matsi sosai. Wanda ya faɗa cikin wannan hali ba da niyya ba, asara kawai ya yi.

Ɓangaren hayaƙi ciniki ne tsakanin fistan da tobo. Idan aka buɗe bawul ɗin hayaƙi da wuri, tun fistan bai gama saukowa ba, iskar ƙuna za ta fita da sauran zafinta da matsinta ta bugi fankar tobo da ƙarfi, tobo ya farka da sauri, fistan kuma ya sami sauƙin korar abin da ya rage. Farashin shi ne an ƙwace wa fistan ƙarshen turin da zai samu. Wannan ya bayyana abin da ya sa lambar hayaƙi ta fi ta iska girma nesa a kamshaf ɗin waɗannan injina, kamar yadda 178/208 ya nuna tazarar digiri talatin. Mai babban tobo da ke jinkirin farkawa zai amfana da irin wannan sassaƙa. Mai ƙaramin tobon kamfani, wanda dama yana farkawa da wuri, ribarsa kaɗan ce.

Cuɗanya kuwa ba a hukunta ta sai an san matsi biyu. Akwai matsin iska a gefen shiga, akwai kuma matsin hayaƙi da ke taruwa tsakanin bawul da fankar tobo. Idan na iska ya fi, to a lokacin cuɗanya sabuwar iska za ta ratsa silinda ta share ragowar hayaƙi, ta kuma sanyaya kan fistan da bawul. Idan na hayaƙi ya fi, wanda shi ne abin da ke faruwa idan an matsa wa ƙaramin tobo da mai fiye da ƙarfinsa, to hanyar juyawa take yi, hayaƙi ya koma cikin silinda har ya leƙa mashigar iska, inji ya shaƙi abin da ya riga ya ƙona. Kamshaf ɗaya ke nan zai iya zama alheri a wannan inji ya zama cuta a wancan, bambancin kawai tobo ne. Saboda haka muke ganin kuskure ne babba a sayi kamshaf ba a taɓa ɗora agogon auna matsin hayaƙi a kan injin ba, alhali kuɗin agogon bai kai kaso kaɗan na kuɗin aikin ba.

Akwai kuma iyakar da ƙarfe ya gindaya, wadda ba ta jin roƙo. Injin dizal yana matse iska kimanin ninki 16 zuwa 18, kuma don a sami haka an mayar da ɗakin ƙuna wani ɗan kwano a tsakiyar kan fistan, sauran fuskar fistan ɗin kuwa tana hawa har ta kusa taɓa tof-silinda, wato murfin da bawuloli ke zaune a ciki. A daidai lokacin cuɗanya, lokacin da bawul biyu ke leƙowa, fistan yana wurin. Duk ƙarin ɗagawa ko jimawa yana cinye wannan 'yar tazara. Masu sayarwa sukan ce wani kamshaf yana shiga ba tare da an taɓa fistan ba, kuma galibi gaskiya suke faɗa game da injin da bai taɓa zuwa wurin mai gyara ba. Amma injin da aka taɓa kankare fuskar bulok ɗinsa ko ta tof-silinda, ko aka canza masa kaurin gasket, ko aka sake masa mazaunin bawul, ya riga ya bar ma'aunin kamfani. Hanyar sani ɗaya ce, a auna: a ɗora faifan digiri a kan karanshaf da agogon awo a kan bawul, ko a manna ɗan yumɓu a kan fistan a juya inji da hannu zagaye biyu, a cire a auna kaurin da ya rage. Idan tazarar ta gaza, sai a fafe gurbin bawul a kan fistan, wanda shi ma yana rage matsi, ya ƙara tsananta wahalar tashin da muka ambata.

Idan muka tattara waɗannan, masu neman kamshaf sun kasu uku, kodayake rabon ba daidai yake ba, domin kashin farko ya fi sauran yawa nesa. Su ne masu motar aiki, wadda ke jan tirelar shanu ko ta kayan gini, tana rayuwa tsakanin juyi 1,400 da 2,500. Abin da ke damunsu zafin hayaƙi ne a kan dogon tudu, inda masu sana'ar suka saba ɗaukar kimanin digiri 650 zuwa 700 na ma'aunin Salsiyas, idan an auna kafin tobo, a matsayin iyakar da bai kamata a daɗe a kai ba, tunda fistan na alminiyam ne. Waɗannan gajeriyar jimawar iska ce ta dace da su, irin ajin 178/208, ko ma su bar na kamfani su kashe kuɗin a kan tobo da na'urar sanyaya iska. Kashi na biyu masu motar da ke aiki a ranakun mako ta yi wasa a ƙarshensa, mai babban tobo ko tobo biyu a jere, wadda aka sake wa gwamnan famfo, wato na'urar da ke iyakance juyin inji, ta wuce juyi 3,000. A nan ne ajin 188/220 ke da ma'ana. Kashi na uku motocin gasa ne zalla, masu juyi 4,000 zuwa sama, waɗanda ba ruwansu da tashin safe ko shan mai, kuma kamshaf ɗinsu ana sassaƙa shi ne bisa awon injin da kansa. Abin da muke yawan gani, kuma yana ba mu takaici, shi ne ɗan kashin farko ya sayi kayan kashi na biyu saboda lambar ta fi girma.

Ko da an dace da aji, tof-silinda na iya hana ruwa gudu. A wannan inji an zuba mashigar iska ne haɗe da tof-silinda a ƙarfe ɗaya, abin da ke wahalar da mai son faɗaɗa hanyoyin ciki, har masu gasa sukan yanke ta gaba ɗaya su ɗaura wata. Idan hanya ta kai iyakar abin da za ta iya ɗauka, ƙara ɗaga bawul ba ya ƙara iska, sai dai ya ƙara wa sifirin da tafet wahala.

Kamshaf ba ya tafiya shi kaɗai, kuma lissafin kuɗinsa dole ya haɗa da abokan tafiyarsa. Tozo mai saurin hawa da inji mai saurin juyi suna buƙatar sifirin mai ƙarfi, in ba haka ba bawul zai kasa bin tozo ya yi ta shawagi, kuma mun riga mun ga cewa fistan na nan yana jiransa. Sifirin mai ƙarfi kuma yana lanƙwasa sandar turi ta kamfani, don haka ita ma a canza ta. Tafet ɗin wannan inji mai shimfiɗaɗɗiyar fuska ne, yana gogar tozo kai tsaye, ba a kan ɗan gare yake tafiya ba kamar na injin Duramax na kamfanin General Motors. Tsohon tafet ya riga ya ci daidai da tsohon tozo, kuma ɗora shi a kan sabo yana iya cinye tozon cikin ɗan lokaci. Ƙarfen tafet da na kamshaf ma dole su dace da juna. Kamshaf iri uku ake samu ta fuskar ƙira: tsohon da aka sake wa sassaƙa, wanda ya fi araha amma an rage masa gindin tozo, don haka sai an duba ko sukurin roka zai iya cike giɓin, sabon zubi na baƙin ƙarfe, da wanda aka sassaƙa daga curin ƙarfe mai tauri don gasa. Na ukun yana da sharaɗi mai tsada, domin a bulok ɗin lita 5.9 ramin gaba ne kaɗai ke da bushi, sauran ramukan kamshaf yana juyawa ne a kan ƙarfen bulok tsirara, kuma curin ƙarfe yana buƙatar a huda su duka a saka musu bushi.

Waɗansu ƙananan abubuwa sun keɓanta da zamanin injin. Mai bawul goma sha biyu yana da ƙaramin famfon da ke jawo mai daga tanki, kuma wani tozo na musamman a jikin kamshaf ne ke motsa shi. Daga tsakiyar 1998 aka koma famfon lantarki. Wanda ya sayi kamshaf marar wannan tozo ya saka a tsohon inji zai rasa mai. Haka kuma giyar kamshaf ce ke juya giyar babban famfon mai, kuma famfon Bosch P7100 na shekarun 1994 zuwa 1998, idan aka buɗe shi sosai, yana ɗora wa hancin kamshaf nauyi mai yawa, shi ya sa masu haɗa injina masu ƙarfi sosai ke ƙara maƙalli da zai hana giyar zamewa. Tunda sai an buɗe murfin gaban inji kafin a canza kamshaf, nan ne kuma damar toshe wani ɗan fegin ƙarfe da ya yi ƙaurin suna a waɗannan injina wajen sullewa ya faɗa tsakanin giyoyi. Duk wannan bayani bai shafi manyan injina irin Detroit Diesel Series 60 ba, inda kamshaf ke da tozo na uku mai danna nozul, ta yadda taɓa shi taɓa feshin mai ne. Bai kuma shafi Cummins 6.7 na motocin Ram daga 2019 ba, wanda aka mayar wa tafet mai gare, mai daidaita kansa da matsin baƙin mai.

Saura ɗaurawa. Ana riƙe tafet goma sha biyu a sama da sandunan katako da ake cusawa ta ramukan sandar turi, domin ta ƙasa suke fita, kuma wanda ya kuɓuce zai faɗa cikin kaskon mai. Bayan an zura sabon kamshaf, an shafe kowane tozo da man ɗauri mai kauri, ba a wadatuwa da daidaita alamomin giya. Ana komawa ga faifan digiri a tabbatar ƙololuwar tozon iska ta faɗo inda takardar maƙerin ta ce, domin kuskuren digiri kaɗan yana sauya rufewar bawul da tazarar fistan a lokaci guda. Ratar da kamfani ya ƙayyade tsakanin roka da bawul a injin lita 5.9 mai sanyi ita ce inci 0.010 a gefen iska da 0.020 a gefen hayaƙi, kimanin milimita 0.25 da 0.51, amma idan maƙerin sabon kamshaf ya ba da tasa, tasa ake bi. A tashin farko ba a barin inji yana zaman banza a ƙaramin juyi, saboda tozaye da fantsamar mai suke samun jiƙa. Ana ɗaga shi matsakaici na tsawon lokacin da maƙerin ya faɗa, da baƙin mai mai isasshen sinadarin zinki da ke kare ƙarfe biyu masu gogayya. Daga nan a juye man, a yanka matatarsa a duba ko akwai garin ƙarfe, a bar inji ya huce a sake auna ratar bawuloli. Wadda aka tarar ta buɗe fiye da 'yan'uwanta, tozonta ne ya fara ci, kuma a wannan mataki kamshaf da tafet kaɗai za a canza, tun garin ƙarfen bai kai ga metal ɗin karanshaf da sandar tobo ba.